Man Sauron da Ya Ci Kujerar Baba

Litinin, da hantsi

Baba yana asibiti. Jiya bayan la'asar maman yara ta kira ni ina shago, ta ce in zo yanzu, Baba na ta rawar sanyi, kuma ya kalle ta bai gane ta ba. Na bar almakashi a kan kushin ɗin mutane na fito, ko ƙofa ban ja ba. Maƙwabcina mai walda ne ya rufe min shagon.

Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya yi nisa a jikinsa. Ya ce ga tsoho mai shanyewar ɓarin jiki irin Baba, abin ba na wasa ba ne. An sa masa ƙarin ruwa a hannun hagu, wanda ke aiki, yanzu duk hannuwan biyu a kwance suke.

Yaya ta iso da sassafe. Ita ce babbarmu, ni ne na ƙarshe, kuma har yau da furfura a gemuna Auta take kirana. Ko jaka ba ta sauke ba ta kama hannun Baba ta juya, ta ɗaga ƙafar wandonsa. Duk tabon cizo ne, wasu ya sosa har sun fashe. Ta ce, "Wa ke kula da shi da yamma?" Ba ni ta kalla ba.

Maman yara ta ce, "Ni ce, Yaya."

"Ina man sauron da mai kemis ya ba ku? Ba a gabana ya ce kullum da yamma a shafa masa ba?"

Maman yara ta sunkuyar da kai. Ni kuwa sai na tuna ba ruwan sha a ɗakin, na ɗauki gora na fita nema. Kafin in dawo an wuce wurin.

Litinin, bayan la'asar

Gorar nan da ruwanta na fita da ita.

Talata, da safe

Zazzaɓin bai sauka ba. Yaya ta raba aiki: ita za ta riƙa kwana da shi, ni in riƙa zuwa da rana, maman yara kuma ta riƙa kawo abinci. Yadda ta ce "kawo abinci" ɗin nan, ko mai aikin gida sai ta ji ciwo.

Bari in rubuta yadda gidanmu yake, ko na daina jujjuya shi a kaina. Tun da ciwon ya kwantar da Baba bara, baranda kaɗai ta rage masa a duniya. Da la'asar a fito da shi, ya zauna yana kallon masu wucewa, sai bayan isha ake lallashinsa ya shiga. A ɗaki akwai gidan sauro, kuma ba ma wasa da shi. Amma barandar tamu kwata take kallo, ga damina, ga tsofaffin tayoyin mai faci cike da ruwa a tsallaken titi. Mai lafiya ma ba ya zama a wurin ba tare da ya yi ta marin ƙafafunsa ba. Baba kuwa hannun dama ba ya motsi, na hagu kuma kafin ya ɗaga shi sauro ya ƙoshi har ya yi sallama. Maganin hayaƙi tari yake sa shi. Shi ya sa mai kemis ɗin layinmu ya ba mu na shafawa.

Maman yara ce ke shafa masa. Takan durƙusa da robar man ta ce, "Baba, lokacin kwalliya ya yi." Shi kuma tun ciwon maganarsa ɗaya-ɗaya take fita, sai ya ce, "'Yata... kwalliya," ya miƙa mata hannu. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu, sai idon sawu, sai bayan wuya. Duk watannin da take yi masa, ko ciwon kai bai yi ba.

Akwai batun kujera, amma ba yau ba.

Laraba, da azahar

Na leƙa shago don mai kushin ɗin nan ya ishe ni da waya. Na zauna gaban keke na kasa zura zare a allura. Mai walda ya shigo ya tambayi mai jiki, ya ce, "Sauro bala'i ne, amma matan yanzu ma sai a hankali." Wato maganar har ta iso layin masu sana'a. Na ce masa Allah ya kyauta.

To, kujera. Ni na yi wa Baba ita da hannuna, kuma ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Na auna bayansa, na ɗan ɗaga hannun kujerar na dama don hannun da ya shanye ya samu wurin kwanciya, na sa soso mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Na lulluɓe ta da leda ruwan ƙasa mai sheƙi, irin wadda sai ka shinshina za ka san ba fata ba ce. Duk wanda ya biyo layinmu sai ya waiga. Ba zan ɓoye ba, na samu aiki ta dalilinta: mutum ya tsaya gaida Baba, idonsa na kan ɗinki. Maman yara takan tsokane ni, ta ce ba ta san abin da na ajiye a baranda ba, tsohona ne ko allon talla.

Sai wata yamma na dafa hannun kujerar na ji yana danƙo. Sheƙin ya mutu, kalar ta biyo tafina, ledar ta yi laushi kamar an kusanta ta da wuta. Daidai tsawon hannun Baba, hagu da dama.

Akwatin kayan aikina yana ƙarƙashin tebur. Yau guduma nake buƙata, amma sai na ari ta mai walda.

Alhamis, da yamma

Akwai wata nas mai tabarau a ɗakin da Baba yake, mai son bayani ce. Ta zo canza masa ruwa, Yaya ta tare ta da murya yadda har na gadon ƙarshe zai ji. "Sista, don Allah, da ana shafa wa tsohon nan man sauro kullum, da zai kai haka?"

Nas ta ce ita ba ta san gaibu ba, amma dai man yana aiki. Ta ce sauro bin wari yake yi ya nemo mutum: numfashin da muke fitarwa, gumi, ɗumin jiki. Sinadarin da ke cikin man ba kashe shi yake yi ba, ruɗa shi yake yi. Zai zo har kusa da fata, sauka ta gagare shi, ya juya. In bai sauka ba bai ciza ba, in bai ciza ba kuwa ba ta inda zai zuba wa mutum ƙwayar cutar. Sai dai 'yan sa'o'i yake yi ya gushe, shi ya sa ba a cewa ai an shafa jiya. "Gidan sauro na gado ne," in ji ta. "Daga faɗuwar rana zuwa kwanciya fa, wa ke gadin mutum?"

Ban san abin da ya ja bakina ba. Na ce, "Sista, wai an ce yana cin fata?"

Ta yi dariya ta gyara tabarau. "Roba yake ci, malam. Agogo, tabarau irin nawa, ledar kujera. Fatar mutum ai ba roba ba ce. Kada dai a kai shi ido ko baki ko kan ciwo, kuma a wanke hannu in an gama."

Yaya ta ce, "Auta, wane jahili ne ya faɗa maka haka?"

Na ce, "A shago na ji."

Maman yara na zaune a bakin ƙofa tana ɓare wa Baba lemon da ba zai iya sha ba. Wuƙar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba. Kunya ta kama ni, amma ban faɗa ba.

Juma'a, da yamma

Baba ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ina goye. Likita ya canza allura. Ban faɗa ba.

Asabar, da hantsi

Ni fa ba mahaukaci ba ne. Duk wanda ya yi sana'ata ya san wannan: kafin ka kai wani ruwa jikin kujera, gam ne ko abin goge datti, sai ka ɗiga shi a guntun leda ka gani. In ya ci guntun, to ka kiyaye hannunka. Haka aka koya min, haka na koya wa wasu. To washegarin da na ga hannun kujerar nan na ɗauki robar man na tafi da ita shago, na matsa kaɗan a kan guntun leda. Kafin in gama shayina ta yi danƙo.

Na dawo gida da guntun a hannu kamar wanda ya kamo ɓarawo. Na tarar da maman yara a baranda tana ta neman robar, lokacin shafawa ya yi. Na ce, "Kin ga abin da kike shafa wa ubana? Abin da ya ci leda zai bar fatar tsoho?" Ta ce mai kemis ne ya bayar. Na ce mai kemis ya taɓa ɗinka kujera? Ta ce, a hankali, "Baban yara, ai shi ma man a cikin roba yake zaune, bai cinye ta ba." Wannan maganar ce ta ƙona min rai. Na ɗaga murya. Na ce, "In na ƙara jin warinsa a gidan nan, ni da ke ne." Ta ce to a tambayi mai kemis. Na ce ba wanda za a tambaya, na gama magana. Robar kuma tana shago, a ƙasan akwati.

Duk wannan a gaban Baba. Yana kallona, bakinsa na motsi, ban tsaya jiran kalmar ta fito ba.

Ta yi iya ƙoƙarinta bayan nan: safa, riga mai dogon hannu, mafici. Baba ya riƙa tuɓe safar da ƙafarsa saboda zafi, ita kuma ga girki ga yara, ba za ta yi ta fifita daga la'asar zuwa isha ba. Ni kuwa na sa wa hannuwan kujera sabuwar leda, ta dawo kamar ba a yi ba, na ji daɗi.

Ga abin da ke hana ni cin abinci. Ranar na duba hannun kujera, na duba guntun leda, na duba har tafina. Hannun Baba da aka yi watanni ana shafa wa man yana nan a gabana, ban duba ba. Na san lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ban duba ba.

Lahadi, bayan magariba

Zazzaɓi ya sauka da safe, ya dawo da yamma. Yau ma ban faɗa ba.

Talata, bayan la'asar

Yaya ta yanke hukunci: in an sallami Baba, gidanta za ta tafi da shi. Gidan bene ne, hawa na sama, ba baranda, sai taga mai kallon bangon maƙwabta. Ta ce gara ya kalli bango da ransa. Ta riga ta buga wa Goggo waya, ƙanwar Baba, Goggo kuwa in ta ji abu to dangi sun ji. Matar da kowa ke cewa Auta ya yi dace da ita, yanzu in ta kira su gaisuwa sai a ce mata "lafiya" guda ɗaya a kashe.

Na buɗe baki a ƙofar ɗakin marasa lafiya, na ce, "Yaya, dama akwai maganar da..."

Ta ce, "In roƙo za ka yi mata, riƙe abinka. Kai kana shago wurin nema, me ka sani?"

Da bakinta ta samar min mafita, ni kuma ban ƙi ba. Na ce, "A'a, dama batun maganin da likita ya rubuta ne."

Ina tsoron Yaya, wannan gaskiya ne, ita ta goya ni, da marinta da komai. Amma yanzu ba mari nake gudu ba. Gudu nake a ce a dangi Auta ya fifita kujera a kan ubansa. In na tuna za a faɗi haka a falon Goggo ana tafa hannu, sai in fasa faɗa.

Da na dawo gida ƙaramar 'yarmu ta tare ni a ƙofa da kayan makaranta a jikinta. Ta ce, "Abba, wai Mama ce ta sa Kaka ciwo?" Na ce wa ya faɗa mata. Ta ce ta ji ana faɗa a waya. Na ce ta je ta cire kayanta ta wanke ƙafa.

Laraba, da rana

Da ma maman yara za ta yi faɗa. Ta zage ni, ta fasa faranti, ta ƙi ɗora tukunya, da na samu abin riƙewa in ce ni ma an yi min. Ba ta yi. Ta kawo min abinci, ta zuba ruwa a kofi, ta koma tana goge kayan Baba da za ta kai asibiti.

Na ce, "Maman yara, me ya sa ba ki faɗa wa Yaya ba?"

Ba ta ɗago daga guga ba. "In ce mata me? Ƙanenki ne ya yi? Tsoho na kwance a gabanmu?" Ta juya rigar. "Ba daga bakina ya kamata ta ji ba."

Na ce zan faɗa, lokaci nake jira, Baba ya farfaɗo tukuna.

Ta ce, "Ci abincinka kafin ya huce."

Ta rame. Ban lura ba sai da na ga zoben yatsanta yana juyawa da kansa.

Alhamis, bayan magariba

Na zauna a baranda, a ƙasa, kusa da kujerar. Na naɗe ƙafar wando na ƙi motsi, in ji yadda abin yake. Ban daɗe ba ƙafafuna suka kama wuta. Maman yara ta leƙo ta tsaya tana kallona, ta ce, "Kai ma so kake a kwantar da kai, a ƙara min wani laifin?" Na tashi na shiga.

Juma'a, da hantsi

Na je wurin mai kemis sayen sabon mai, na ce masa wancan ya ƙare. Mutumin kirki ne, sai surutu. Yana ɗaukowa yana bayani: a shafa a inda tufa ba ta rufe ba kawai, ba sai an lafta ba, a wanke in an shigo kwanciya. Na ce, kamar da wasa, wani abokina ya ce man ya ɓata masa kujera.

Ya ce, "Haba, ai da ya zo. Ga wani iri can, sinadarinsa daban, shi ba ruwansa da roba, kuma sauro na gudunsa yadda yake gudun wancan. Ko ma ba wannan ba, abokin naka ya shimfiɗa tsohon tawul a hannun kujerar mana. Kai da kake mai kushin, ba sai ka ɗinka masa 'yar riga ta auduga ba?"

Na yi tsaye na rasa inda zan sa idona. A shagona akwai buhu cike da ƙyallayen yadi, har kyauta nake ba masu wankin mota. Aikina ke nan tun ina saurayi, rufe kujera. Daga ƙofarmu zuwa kemis ɗin nan kuwa, ko takalmi mutum bai sa ba zai je ya dawo.

Ya tambayi jikin Baba, sannan ya ce, "Madam ta zo nan kwanakin baya tana tambaya ko man na cutar da fata, na ce mata a'a. Na ɗauka ta ci gaba." Na ce eh. Na tuna ranar. Ta shigo ɗaki ta fara, "Baban yara, mai kemis ya ce..." na miƙa hannu na ƙara sautin rediyo.

Na karɓi sabon irin, na fito na bi hanyar da ba ta gida ba.

Asabar, da safe

Baba ya buɗe ido ya ce, "Auta." Na shiga banɗakin asibiti na yi kuka, na wanke fuska na fito. Na ce sai ya farfaɗo zan faɗa. Ya farfaɗo.

Litinin, da azahar

An sallame mu. Yaya ta ce zai yi 'yan kwanaki a gidanmu kafin ta gyara masa ɗaki, amma ita ma a nan za ta zauna, da idonta. Ta shiga kicin ta buɗe tukwane, ta ɗaga gidan sauron Baba tana neman huda. Ba ta samu ba, abin ya ɓata mata rai.

Talata, bayan magariba

Baba ya nuna baranda da haɓa, aka ce a fito da shi. Ni kaɗai na ɗauke shi, ba nauyi ko kaɗan. Da rana ta yi ƙasa maman yara ta fito da man, Yaya ta karɓe daga hannunta ba tare da ta kalle ta ba, ta miƙo min. "Auta, kai za ka riƙa yi. Mun ga inda sakaci ya kai mu."

Na durƙusa. Ban taɓa yi ba, ban san hannun Baba ya koma haka ba, fata sai ka ce takarda. Na shafa na dama na ajiye masa a cinya, na shafa na hagu. Da na gama sai ya ƙi sauke shi. Ya riƙe shi a sama, yana rawa, nesa da hannun kujerar. Na ce, "Baba, sauke mana." Ya girgiza kai. Na matsa kusa da kunnensa na ce wannan wani iri ne, ba ya cin leda. Ya kalle ni. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne. Ya ce, "Kujera... taka."

Yaya ta ce, "Kun ji ko, har yanzu kansa bai gama dawowa ba."

Maman yara ta shiga ciki ta ɗauko filo, ta ɗora masa a cinya, ta kama hannun ta kwantar a kai. Sai ya yarda.

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar yau ba.

Alhamis, bayan la'asar

Goggo ta zo duba Baba da 'ya'yanta, falo ya cika. Maman yara ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta. Goggo ta ce, "Ajiye nan," ta ci gaba da hira da Yaya. Ban shirya ba. Na dai ji na miƙe tsaye.

Na ce, "Goggo, Yaya, ku saurare ni. Ni na hana a shafa wa Baba man nan. Ledar kujera ya ɓata min, na yi fushi, na ce yana cin fata, na ɗauke na kai shago na kulle. Ita ta ce a tambaya, na ƙi. Ta tambayo, na ƙi ji. Ba ta da laifi ko ɗaya."

Na tsaya ina jiran abin da na daɗe ina gudu.

Goggo ta kalli Yaya, Yaya ta kalli Goggo. Sai Yaya ta yi wani murmushi da ban gani ba tun kafin ciwon nan. Ta ce, "Allah sarki Auta. Zauna. Da kai ne, ai tun ranar farko a asibiti za ka faɗa. Na san ƙanena. Mutum ya tsaya yana ji ana yi wa matarsa haka, mako da makonni, ya yi shiru? Ba kai ba."

Na rantse. Goggo ta ce kada in rantse a kan ƙarya ko da ta alheri ce. Ta ce, "Wai kujera. Ko labarin ma bai iya shiryawa ba, bawan Allah." 'Ya'yanta suka yi dariya. Na ce robar tana shago, in je in ɗauko. Yaya ta ce ai duk mai kemis yana sayar da roba. Na juya wurin Baba na ce, "Baba, faɗa musu." Ya yi ta kokawa da bakinsa, ya ɗaga yatsa ya nuna ni, ya ce, "Auta... ne."

Yaya ta gyara masa hula. "Eh Baba, Auta ne. Ɗan albarka." Sannan ta juya wurin maman yara. "Ke kuma ki gode wa Allah da mijin da ya ba ki."

Ta ce, "Na gode, Yaya." Ta kwashe kofuna ta fita.

Asabar, da hantsi

An tafi da Baba. Maman yara ce ta haɗa masa kaya, ta ninke komai, ta sa man a aljihun jaka inda za a gani. Da aka sa shi a mota ya riƙe bakin mayafinta, sai da Yaya ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa yi haƙuri Baba, yi haƙuri.

Muka tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana. Na ce, "Kin dai ji, na faɗa."

Ta ce, "Na ji, Baban yara. Yanzu kai ne mijin kirki, ni kuma ina nan inda ka bar ni." Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta shiga ta hau sharar ɗakin Baba.

Lahadi, da yamma

Goggo ta bugo waya. Ta ce tun ranar take ba mutane labarina, wai irina sun yi ƙaranci a zamanin nan, Allah ya ba ni masu rufa min asiri kamar yadda na rufa wa iyalina. Maman yara na zaune kusa da ni tana tsefe wa 'yarmu kai, wayata kuma da ƙarfi take magana.

Na ce amin.